Sitiyarin asali ko na kasuwa: wanne ya dace da motar da ke shiga daji?

Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya wadda kake zirga-zirgar gona da ita a hanyar burji da yashi, kuma robar sitiyarinta ta saɓule har tana juyawa a kan ƙarfen idan ka damƙe ta. Mai kayan gyara ya ajiye maka guda biyu: sitiyarin asali na hannu da aka ciro daga wata mota irinta, da wani ƙarami sabo fil mai faɗin santimita 33, irin na motocin tsere. Ka tambaya wanne za ka ɗaura. A wurina na asalin ne ya dace da aikinka, sai dai na kasuwar ma yana da inda ya fi, kuma akwai irinsa da zan yarda a ɗaura wa motar daji.

Bambanci na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne faɗi. Sitiyarin da Toyota ta yi wa jerin Land Cruiser 70 irin taka, waɗanda ta fara fitarwa a 1984, faɗinsa ya kusa santimita 40, kuma ba don ado aka yi shi haka ba. Duk wanda ya taɓa kwance notin taya da gajeren sifana, sannan ya ƙara masa bututu ya sake gwadawa, ya san cewa tsawon hannu shi ke rage wahala. Haka sitiyari yake. Idan ka sauko daga 40 zuwa 33, ƙarfin da hannunka zai sa domin juya tayoyin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar, idan kuma ka tsaya a 35, ƙarin ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari. A kan kwalta, mota na gudu, ba za ka ji wannan ba, musamman idan sitiyarinta mai fawa ne. Inda za ka ji shi shi ne a cikin yashi, ka rage iskar tayoyi sun baje, bayan motar cike da buhunan taki, kana son karya kwana a hankali. Kuma ranar da bel ɗin fawa ya tsinke ko injin ya mutu kana tsakiyar gangaren kwazazzabo, ba abin da ya rage maka sai ƙarfin damtse da faɗin sitiyari.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan. Ana cewa ƙaramin sitiyari ya fi saurin juya mota. Gaskiyar ita ce adadin zagayen da za ka yi daga ƙurewar hagu zuwa ƙurewar dama ba ya canzawa ko kaɗan, domin akwatin sitiyari ne ke yanke wannan. Abin da ke raguwa shi ne nisan da hannunka ke tafiya a kowane zagaye. Direban tsere yana son haka, kuma kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Nardi da Momo na ƙasar Italiya, daga fagen tsere suka samo asali. Amma mota mai tsayi mai nauyi, wadda ke tangaɗi a kan gargada, ba ta buƙatar ɗan motsin hannu ya zama babban motsin taya.

Sai batun dukan da hanya ke mayarwa hannu. Gaban irin motarka sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa tayoyin biyu, saboda haka idan taya ta daki kututture ko dutse, sitiyarin na iya fizgewa da ƙarfi. Na taɓa gani da idona a wani busasshen rafi, direban da nake zaune kusa da shi ya zura manyan yatsunsa cikin da'irar sitiyari, tayar hagu ta ci karo da saiwar bishiya da yashi ya rufe, sitiyarin ya juya kamar an mare shi, kafin mu isa gari babban yatsansa ya kumbura har ba ya iya riƙe kofin shayi. Wannan na iya faruwa da kowane sitiyari, shi ya sa ake koya wa direban daji ya ɗora manyan yatsu a kan da'irar kada ya zura su ciki. Amma a gwada biyun: hannuwan na asali, wato ƙarafan da suka haɗa tsakiyar sitiyari da da'irarsa, a lulluɓe suke da roba mai kauri, na ƙaramin kuwa faifan alminiyam ne tsirara mai kaifin gefe, kuma saboda ƙanƙantarsa ya fi wuyar riƙewa idan ya fizge.

Inda na kasuwa ya fi a fili yake. Sabo ne, ba a san wahalar da na hannun ya sha ba, kuma mai dogayen ƙafafu ko mai jiki zai sami sararin gwiwa da sauƙin shiga da fita. Da'irarsa ta fi kauri, ta fi cika hannu. Amma kafin ka biya, ka zauna a kujerar direba ka riƙe shi a inda zai zauna, ka duba ko yana tare maka agogon gudu da na zafin inji. Motar da ke aiki a zafin watan Afrilu ba a wasa da allurar zafinta, kuma bai kamata sai ka leƙa ta gefe kafin ka gan ta ba. Ka kuma lura da zurfinsa, domin mai zurfi kamar kwano yana matso da da'irar kusa da ƙirjinka, ya nesanta yatsunka daga sandar turafiketa da ta waifa.

Game da abin da aka lulluɓe shi da shi, fata mai santsi ko roba mai kyau su ne na ƙasarmu. Mai laushi kamar karan-miski yana shan gumi da ƙurar hunturu ya daskare cikin 'yan watanni, na katako kuma yana tsagewa.

Yanzu ga wurin da na fi damuwa da shi, wato mahaɗi. Sitiyarin asali yana zama kai tsaye a kan haƙoran sandar sitiyari, noti ɗaya ya ɗaure shi, hon ya yi aiki, turafiketa ta riƙa kashe kanta bayan kwana kamar yadda aka tsara. Na kasuwa ba ya hawa sandar sai da wani ƙarfe a tsakani, wanda makanikai ke kira bos, kuma dole ne haƙoransa su zama na motarka daidai, ba waɗanda suka yi kama ba. Ta sama kuma ramukan ba iri ɗaya ba ne: Momo da Sparco suna da kusoshi shida a da'irar milimita 70, Nardi shida a da'irar milimita 74, wasu na Grant na Amurka kuwa biyar ne. Idan makaniki ya ce zai ƙara rami, ko ya gogi haƙora, ko ya yi walda don ya zauna, ka ɗauke kayanka. Rayuwarka da ta duk wanda ka ɗauka tana rataye ne a kan waɗannan 'yan haƙoran. Jabun sitiyari masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni kuma sun cika kasuwa, wasu idan ka dafa gwiwa ka ja sai ka ji hannuwansu suna lanƙwashewa. Haka na'urar nan ta cire sitiyari a tafi da shi don gudun ɓarayi: mai kyau tana da amfani, mai araha kuwa gargada na sa ta fara lilo, kuma tana ƙara matso da sitiyarin jikinka.

Duk wannan kwatancin ya shafi motar da ba ta da jakar iska. Idan tsakiyar sitiyarinka an rubuta SRS, alamar akwai jakar iska mai kare direba a lokacin karo ke nan, maganar ta ƙare, na asali za ka mayar. Akwai masu cire jakar su maƙala wani ɗan abin lantarki don fitilar gargaɗi ta mutu, to fitilar ce kawai ta mutu, kariyar ta tafi. Ko na asalin ma a irin wannan mota sai an bincika tushensa, domin jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda aka janye kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, zafi da laima ne ke lalata sinadarin da ke hura su har su fashe da ɓaraguzan ƙarfe, kuma motocin Toyota na cikin waɗanda abin ya shafa. Kafin a taɓa irin wannan sitiyari ana cire kan batir na nagatif a jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma ba a barin naɗaɗɗiyar wayar da ke bayansa ta juya, in ba haka ba za ta tsinke a kwanar farko.

Idan har na hannun da aka nuna maka ya lanƙwashe, ko haƙoransa sun cinye, ko shi ma robarsa na juyawa, to a nan zan yarda da na kasuwa, amma mai faɗin santimita 36 zuwa 38, marar zurfi, na fata ko roba, tare da mahaɗin da aka yi wa samfurin motarka takamaimai. Mai 33 ɗin ka bar shi.

Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kan aikin. A miƙe tayoyin gaba, a yi alama da fenti a kan sandar, a sassauta notin amma kada a cire shi gaba ɗaya har sai sitiyarin ya saki, don kada ya fizgo ya daki fuskar mai ja. A yi amfani da fula, wato na'urar zaro sitiyari, kada a daki kan sandar da guduma, domin an ƙera ta ne ta yadda za ta naɗe idan an yi karo, kuma duka na lalata wannan tsari. A ɗaure notin da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya ƙayyade. Daga nan ka juya shi ƙurewa zuwa ƙurewa mota na tsaye, ka gwada hon da turafiketa, ka bi gargada na 'yan kilomitoci ba kaya, sannan ka dawo a sake duba notin da kusoshin kafin ka yi lodi.