Saitin kanel ɗin Linux lokacin tashi: GRUB, sysctl, modprobe ko bootconfig?

Hanyoyin da ake bi a gaya wa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'ura, yadda zai yi aiki tun daga tashin na'ura sun kai biyar (GRUB, sysctl, modprobe, bootconfig da CONFIG_CMDLINE), kuma duk siffarsu ɗaya: suna, alamar daidai, sai ƙima, kamar vm.swappiness=10. Wannan kamanni ne ke sa mutum ya rubuta saiti a inda kanel ba zai taɓa dubawa ba. Tambaya biyu ta isa wajen zaɓi. Yaushe kanel ke buƙatar ƙimar, kafin ya gama tashi ko bayan nan? In kuma saitin ya hana na'urar tashi, ta ina za a janye shi? Ta biyun ta fi nauyi a wurina, balle ga saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet) da ke wata ƙasa, ba wanda zai danna maka maɓallinta.

Zaɓina shi ne layin umarnin da GRUB, shirin da ke tayar da kanel in an kunna na'ura, ke miƙa masa, don ana gwada shi ba tare da an rubuta komai a faifai ba. Idan jerin zaɓin GRUB ya bayyana (in a ɓoye yake, riƙe Shift a na'urar BIOS, ko danna Esc a ta UEFI), danna e, gangara layin da ya fara da linux, ƙara saitinka a ƙarshensa, sannan Ctrl+X ko F10. In na'urar ta maƙale, kashe ta ka kunna, ta koma yadda take. Akwai kuma abubuwan da ba su da wata ƙofa sai wannan: nomodeset ga allon da ke yin baƙi, intel_iommu=on ga mai son bai wa na'urar kwaikwayo (virtual machine) katin hoto, console=ttyS0,115200 ga saba marar allo, da crashkernel= da ke keɓe wa kdump, mai adana bayanan rushewar kanel, ƙwaƙwalwa tun kafin komai ya taɓa ta.

Gwaji ya yi kyau, sai a kafa shi a /etc/default/grub. Layuka biyu ne a ciki, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Abin da ke GRUB_CMDLINE_LINUX yana shiga kowane zaɓi, har da na ceto. Abin da ke GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT kuwa zaɓin yau da kullum kaɗai yake shiga. Duk saitin da ake zargin yana da hatsari a sa shi a na biyun, domin ƙofar ceto ta zauna lafiya. Bayan gyara sai update-grub a Debian da Ubuntu, wanda shi ne matakin da aka fi mantawa. A Fedora da Red Hat, grubby --update-kernel=ALL --args="..." ya fi sauƙi. Kada a taɓa grub.cfg da hannu, sabon kanel na zuwa za a sake rubuta shi. Masu hayar saba mai Ubuntu su leƙa /etc/default/grub.d/, galibi akwai 50-cloudimg-settings.cfg a can, ana karanta shi daga baya, ya danne abin da aka rubuta a babban fayil. Hukunci na ƙarshe na cat /proc/cmdline ne bayan an sake kunnawa: abin da ba ya nan, kanel bai ji shi ba.

Yana da nasa aibu. A x86 layin ba ya wuce bayit 2048, ba wurin rubuta bayani, kuma kuskuren harafi ba ya tsayar da komai. Sunan da kanel bai sani ba sai ya miƙa wa init, shirin farko da yake tayarwa, ya wuce. Sababbin kanel suna ambata shi a dmesg, inda ake ganin saƙonnin kanel, da kalmar Unknown, amma sunan da ke da ɗigo a tsakiya ana ɗaukarsa na wani modul ne (ɓangaren kanel da ake lodawa daban), ko gargaɗi babu. A Raspberry Pi aikin na cmdline.txt ne, kuma dole komai ya zauna a layi guda.

Na biyu a wurina su ne fayilolin /etc/sysctl.d/. Duk abin da ke ƙarƙashin /proc/sys nan ne gidansa: net.ipv4.ip_forward, vm.swappiness (asalinsa 60) da makamantansu. Ana gwadawa da sysctl -w na'ura tana aiki, ana kafawa a fayil a loda shi da sysctl --system, ana rubuta bayani a saman kowane layi. Fayilolin suna bin jerin haruffa, na ƙarshe ke rinjaye, shi ya sa ake fara suna da 99-. Tarkonsa lokaci ne: net.bridge.bridge-nf-call-iptables ba ya samuwa sai an loda br_netfilter, don haka a rubuta sunan modul ɗin a /etc/modules-load.d/. A Debian 13 kuma systemd ya daina karanta tsohon /etc/sysctl.conf lokacin tashi, wanda ya sabunta daga 12 ya kwashe layukansa zuwa sabon wuri.

Fayilolin /etc/modprobe.d/ na direbobin da ake lodawa ne kawai. In direban a jikin kanel aka gina shi, fayil ɗin banza ne, sai a koma GRUB a rubuta modul.saiti=ƙima; in kuma daga initramfs (ko initrd, ƙaramin kunshin fayilolin da kanel ke fara lodawa) yake tashi, sai an yi update-initramfs -u ko dracut -f. Bootconfig, wanda ya shigo a Linux 5.6 a 2020, yana da tsari mai kyau har zuwa 32KB, Android ma na amfani da shi tun sigar 12, amma a wutsiyar initrd ake liƙa shi, ana sake gina initrd ya tafi. Na masu bin diddigin tashin kanel ne. CONFIG_CMDLINE kuwa sai an sake harhaɗa kanel kafin a canza harafi ɗaya, a bar wa masu ƙera ƙananan na'urori.

Abin da ya fi zaɓin hanya hatsari shi ne jabun saiti da suka cika intanet da sunan "ƙara wa Linux gudu". Wasu matattu ne ake ta kwafa. An cire net.ipv4.tcp_tw_recycle tun Linux 4.12 a 2017, don yana yanke masu shigowa ta bayan NAT, inda na'urori da yawa ke raba adireshin intanet ɗaya; elevator=deadline ya daina aiki tun 5.0. Duk jerin da ke ɗauke da waɗannan biyun, wanda ya haɗa shi bai gwada ba, a watsar da shi baki ɗaya. Wasu kuma rayayyu ne, su suka fi muni. mitigations=off yana ƙara gudu da gaske, ta hanyar cire kariya daga Spectre da Meltdown, raunin tsaron CPU da aka bayyana a 2018, da 'yan'uwansu; a na'urar da ke buɗe shafukan intanet ko take ɗauke da aikin mutane da yawa, wannan sayar da ƙofa ne a sayi labule. acpi=off na iya tada kwamfutar da ta ƙi tashi, amma ma'aunin batir da barcin na'ura sun tafi. selinux=0 ba gyara ba ne, kashe mai gadi ne. Masu cewa a ɗaga vm.dirty_ratio daga 20 zuwa 60 ko 80 suna tara bayanan da ba a rubuta ba a ƙwaƙwalwa, kuma inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, kuma babu batirin ajiya, waɗannan bayanan ne ake asara.

Kada a yarda da umarnin da ke cewa a sauko da fayil da curl a zuba shi kai tsaye cikin sudo bash, don hakan na ba fayil ɗin ikon gyara komai, har da GRUB. Wanda ya samu ikon gyara GRUB ya samu ikon canza init=, wato shirin farko da na'urar za ta tayar. Haka idan aka kawo maka saba ko kwamfuta ana cewa "an saita ta don gudu", kafin a biya kuɗi a duba /proc/cmdline, a karanta fayilolin /etc/sysctl.d/, a buɗe /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/ a ga inda aka rubuta Vulnerable. Kowane sunan da ke layin umarnin kanel a nemo shi a kernel-parameters.txt, takardar bayanin saitunan kanel, na sigar da uname -r ya nuna, kuma a riƙa ƙara saiti ɗaya a kowace kunnawa, don in na'ura ta maƙale a san wanda za a cire.