GARGAƊI: Masu sayen mota 'yar Beljiyam mai turbo, ku leƙa ƙarƙashinta kafin ku tura ko sisi

Salam jama'a. Na daɗe ina juya wannan magana a raina ko in rubuta ko in bari, to amma jiya na sake ganin mutumin da ya sayar min da mota ya ɗora sabon bidiyo a Facebook yana tallan wasu motoci 3 da irin kalaman da ya yi min, shi ya sa na ce wallahi ba zan yi shiru ba. Ba zan kama sunansa ba saboda maganarmu tana hannun manya, amma zan faɗi yadda yake aikinsa dalla-dalla, duk wanda ya ci karo da shi ko irinsa zai gane.

Bayan ƙaramar sallah na sayi wata ƙaramar jif ta 2015 mai turbo a hannunsa. Ba shi da tsayayyen wurin sayar da motoci, a Facebook da WhatsApp yake talla, sai ya ce ka same shi a wani gidan wankin mota, kuma kullum bayan la'asar sakaliya yake sa lokaci. Ranar da na je motar tana sheƙi, bodi babu ko ƙwarzane, ya buɗe bonet injin yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Ya ce min "Alhaji wannan 'yar Texas ce, ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba, wata tsohuwa ce ta riƙe ta daga gida sai kasuwa." Ya turo min takardar Carfax, wato rahoton tarihin mota, a waya, na duba na ga Texas daga sama har ƙasa. Na ce to mu kai ta gareji a hau rami bakanikena ya leƙa, ya ce ai magariba ta kawo jiki kuma akwai wani daga Abuja da zai turo kuɗi gobe da safe, in ina so in ba da kafin alƙalami yanzu ya riƙe min. Na durƙusa na haska ƙasan da tocilar waya, na ga komai baƙi ƙirin tsaf-tsaf, hankalina ya kwanta, na tura. Washegari na cika.

Sati 5 kacal. Ina hanyar Zariya zuwa Kaduna da iyalina, na fito zan wuce wata tirela, na taka totur motar ta ƙi tafiya, ƙara kawai take yi ba ƙarfi, wutar injin ta kama a dashbod, ga mota tana tahowa ta baya da gudu tana min fitila. Allah ne Ya kiyaye na koma bayan tirelar. Da na faka sai ga warin ƙonannen baƙin mai yana fitowa ta bonet da ɗan hayaƙi siriri.

Da aka kai gareji bakanikena ya jona kwamfuta ta nuna P0299, wato turbo ba ya tura iskar da ta kamata. Ya hau da ita rami, ya kira ni ya ce "Oga sauko ka gani da idonka." Ya ɗauki sukundireba ya kankare wannan baƙin abin da na gani na ji daɗi, ashe fenti ne mai kauri irin na kwalta aka fesa, yana kankarewa sai ga tsatsa tana ɓantarowa fallaye-fallaye kamar ɓawon busasshiyar bishiya, tana zubo mana a ka. A jikin ƙarfen da ke riƙe da injin da ƙafafun gaba ya danna sukundireban da hannu ɗaya ya shige ciki. Har bututun birki sun fesa wa fentin, kuma a wuri biyu bututun ya kumbura ya yi ƙuraje. Na tsaya a ramin nan na tuna yarana 3 a kujerar baya, jikina ya yi sanyi.

Sai turbon kansa. Ga waɗanda ba su sani ba, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta juya wata fankar da ke cusa iska cikin injin, shi ya sa ƙaramin injin yake ba da ƙarfin babba. Tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma ɓangaren hayaƙin yana yin zafin da ƙarfe zai yi ja. A jikinsa akwai wata 'yar ƙofa da siririyar sanda ke buɗewa da rufewa don rage hayaƙi in iska ta yi yawa. A tawa motar tsatsa ta cinye mahaɗar sandar, ƙofar ta maƙale a buɗe, hayaƙi yana wucewa ta gefe bai juya fankar, shi ne rashin ƙarfin. In a rufe ta maƙale kuma iska ce za ta yi yawa, kwamfutar motar ta datse ƙarfin injin don kar ya fashe. Warin da na ji kuwa siririn bututun da ke kai wa turbo baƙin mai ne ya huje, yana ɗiga a kan salansa mai zafi, kun ga gobara ke nan take jiran lokaci, kuma ko ba gobara turbo in ya rasa mai na ɗan lokaci kaɗan ya tashi aiki. Da suka zo kwance shi notuna 3 cikin 4 suka karye a ciki, sai da aka yi kwana 2 ana haƙo su da direla. Duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, jikin altaneta, kikstata, bakin lagireton da ke sanyaya iskar turbo, wani farin gari ne kamar kanwa ya taru.

Bakaniken ne ya jawo wata waya mai kan fulogi irin na soket daga bayan bamba ya ce "Oga ka san mene ne wannan?" Na ce mai motar ya ce min ta cajin batir ce. Ya girgiza kai. Ita wannan waya ta hitar ɗumama injin ce, a ƙasashen da sanyi ke daskarar da komai ake jona ta da wutar gida da daddare don mota ta tashi da safe. Me 'yar Texas za ta yi da ita? Sannan ya nuna min agogon gudu, manyan lambobin kilomita ne, alhali motar kasuwar Amurka mil ne manya. A jikin ƙofar direba kuma ga sitika da Turanci da Faransanci har da ɗan tambarin ganyen nan na Kanada. Duk suna nan tun ranar farko, ban san in duba ba.

A daren na biya kuɗi da kaina na ciro tarihin motar da lambar shasi, wato lambar VIN mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Lamba ɗaya ce da wadda ke saman takardar da ya turo min, amma tarihin daban. Motar a lardin Ontario na Kanada ta yi duk rayuwarta kafin a yi gwanjonta. Takardarsa ta wata motar ce, lambar kawai aka goge aka ɗora tawa.

Ƙanin matata yana karatu a can Ontario ɗin, shi na kira ya warware min abin da ban sani ba. Daga wajen Nuwamba har zuwa Maris ko Afrilu motocin hukuma ne ke bin tituna suna watsa gishiri, wani lokaci ruwan gishiri suke fesawa tun kafin dusar ƙanƙara ta sauko, saboda gishiri yana hana ruwa daskarewa da wuri. Kanada kaɗai tana zuba kusan tan miliyan 5 a shekara, Amurka kuwa wajen tan miliyan 20. A garin Goderich na Ontario akwai mahaƙar gishiri a ƙarƙashin tafkin Huron wadda ita ce mafi girma a duniya cikin na ƙarƙashin ƙasa, kuma gishirin titi ne babban abin da take fitarwa. In sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifili gishirin da muka sani ba ya aiki sosai, sai su koma wasu nau'o'in, kalsiyam kulorayid da magniziyam kulorayid, su kuma halinsu janyo danshi daga iska, sai su manne a jikin ƙarfe suna jiƙe ko da titi ya bushe. Taya tana watso wannan caɓin cikin kowane lungu, injin ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, ruwa ya ƙafe gishirin ya zauna. Turbo da salansa su suka fi shan wahala don su ne suka fi zafi kuma galibi a ƙasa-ƙasa suke inda ruwan ke kaiwa. Shekara 8 ko 9 ana haka.

Su can sun san da wannan matsala sarai, ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2015 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin da ake zuba gishiri da su riƙa wanke ƙasan mota kuma a duba musu bututun birki. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da zai iya kaiwa dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. Jihohi irin su Michigan, Ohio, New York, Pennsylvania, Illinois, Wisconsin da Minnesota, da Ontario da Quebec a Kanada, mai sayen tsohuwar mota a can abu na farko da yake yi shi ne leƙa ƙasa. Motar da ta faɗi a wannan gwaji tana araha a gwanjo, irinta wannan mutumin yake nema, ya fesa fenti ya wanke injin da mai sheƙi ya sayar mana a farashin mai lafiya. Ribarsa ke nan.

Kuma kar wani ya ce ai ta zo ƙasar zafi tsatsar za ta tsaya. Gishirin yana nan a lungunan da ruwan wanki ba ya kaiwa, ta yi makonni a tashar ruwa da kan teku, ta zo ta tarar da damina, fentin da aka fesa kuma ya rufe danshin a ciki yana ci ba ka gani.

Ba ina cewa duk motar Kanada ko ta arewacin Amurka ruɓaɓɓiya ba ce, akwai waɗanda masu su ke kai su a fesa musu man kariya duk shekara, za ka gan su garau. Kuma jan tsatsa sama-sama a jikin kwankwason turbo ko salansa ba komai ba ne, kusan kowace mota tana da shi. Wadda ake tsoro ita ce mai ɓantarowa, mai kumbura ƙarfe, wadda ta mayar da kan noti dunƙule har sifana ba ta kama shi. Akwai dillalai masu tsoron Allah da za su ce maka wannan daga Kanada take ga farashinta, je ka duba. Da mutumin nan ya faɗa min gaskiya ni na zaɓa da kaina da ban rubuta wannan ba. Ƙaryar Texas da takardar jabu da fentin rufa-rufa su ne zambar.

Don haka 'yan uwa in za ku sayi mota musamman mai turbo, ku je da rana tsaka, ku je da bakanikenku ba wanda dillali ya kawo ba, kuma a hau rami ko a ɗaga ta. Wanda ya hana ku rami ku juya ku tafi ko da rabin kuɗi ya ce. In kun ga ƙasan motar da ta shekara 10 baƙi sabo fil har kan bututun birki da notuna da robobi, ku tambayi me aka rufe, kamfani ba ya fesa fenti a kan roba da noti haka. A sa sukundireba a ɗan ƙwanƙwasa. A haska bayan injin a ga sandar turbon da bututun mai da na ruwa, a taɓa a ji ko tana motsi, a jona kwamfuta bayan an yi tafiya mai ɗan nisa an taka sosai, don ana iya goge lambar matsala kafin ku iso. Lambar shasi kuma ku kwafa da hannunku daga gilashi da jikin ƙofa ku ciro tarihin da kanku, kar ku yarda da hoton takarda a WhatsApp. Wani abu da mutumin nan yake ruɗa mutane da shi, zai nuna maka lambar ta fara da 1 ko 4 ko 5 ya ce ka ga 'yar Amurka ce. Wannan inda aka ƙera ta kawai yake nunawa, 2 Kanada, J Japan, W Jamus, ba ya nuna inda aka tuƙa ta.

Da na koma masa da hotuna da takardun biyu, farko ya ce "Alhaji ai mota sa'a ce, saye da sayarwa ya wuce," daga baya ya ce shi ma haka aka turo masa, da na tambaye shi wa ya fesa fentin da har yanzu yana warin sabo sai ya daina ɗaukar wayata. Na ba da labarin a majalisarmu sai ga wani bawan Allah ya ce ƙaninsa ma a hannunsa ya saya, shi birki ne ya tsinke masa a cikin gari, Allah Ya sa a hankali yake tafiya. Yanzu mun haɗa takardunmu mun kai ƙara tare.

Motar tana gareji yau wata 2, an sauya turbo da bututun birki gaba ɗaya, ana neman ƙarfen ƙasan injin don mai walda ya ce babu inda zai kama. Wanda ya taɓa sayen mota a gidan wanki da yamma aka ce masa 'yar Texas ce ta tsohuwa, don Allah ya kai ta rami gobe, in ya ga irin abin da na gani ya yi min magana ta inbos mu haɗa da nasa.