Faya-fayan kakar 1995 ta Northwestern: hoton da hazo, amma wasan cikakke ne

Wani ɗan kasuwa mai tattara tsofaffin wasanni ne ya sayar mini da wannan kunshi ta intanet: faya-fayan DVD na kakar 1995 ta jami'ar Northwestern da ke Evanston, arewa da Chicago. Ƙwallon Amurka nake nufi, wadda ake runguma a zura da gudu, ana sanye da hular kwano. A waccan shekarar suka ɗauki kofin rukunin Big Ten, abin da rabonsu da shi tun 1936.

Bari in fara da abin da zai ɓata wa mai saye rai. Daga kaset ɗin bidiyo aka kwafo wasannin, kuma ba a yi musu wani gyara ba. Kalar shunayyar ƙungiyar ta koɗe ta koma kamar baba, lambobin riguna sai ka matso kusa da allo kafin ka karanta. A faifan wasansu da jami'ar Penn State murya tana riga hoto, har ka ji ihun 'yan kallo kafin ɗan wasa ya tsallaka layi. Kwalin ma ba takardar bayani, da alƙalami aka rubuta sunan kowane wasa a jikin faifai.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba, don mutumin bai yanke komai ba. Gajerun bidiyon da ke yawo suna nuna maka cin maki ne kawai, su kuwa waɗannan yaran ba da ƙawa suka ci kofi ba, da naci suka ci. Dubi wasan farko, ranar 2 ga Satumba a gidan jami'ar Notre Dame, inda masu hasashe suka ce za a lallasa su da tazarar maki kusan 28. Darnell Autry na Northwestern, mai lamba 24, ana ba shi ƙwallo yana kutsawa, yadi uku, yadi huɗu, a kayar da shi ya miƙe. Sai ka zauna ka ga hakan sau da yawa kafin ka gane yadda suka yi nasara 17 da 15. Har lokacin da Ron Powlus, mai jefa ƙwallo na Notre Dame, ya yi tuntuɓe ya faɗi yana neman maki biyun da za su kawo kunnen doki, kyamara ta tsaya a kan fuskar kocinsu Lou Holtz, duk yana ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne an saka wasan Miami ta jihar Ohio, wanda wani mai son ƙungiyar zai so ya ɓoye. Suna gaba da 28 da 7, suka sake har aka cinye su 30 da 28 a gidansu. Kallonsa da ciwo. Amma wanda bai ga wannan faɗuwa ba, ba zai san nauyin 19 da 13 da suka yi wa Michigan a Ann Arbor makonni uku bayan nan ba. Ƙungiya ce fa da aka taɓa dokewa sau 34 a jere tsakanin 1979 da 1982, don haka kowa ya zaci sun koma gidan jiya. Gary Barnett, kocinsu, ya riƙe su, suka ci dukkan wasanni takwas na rukuninsu.

Ni wurin Pat Fitzgerald idona yake tsayawa, mai tsaron baya mai lamba 51. Da yake hoton bai yanke lokacin da 'yan wasa suke shirin sake farawa ba, kana ganinsa yana nuna wa abokansa inda za su tsaya tun kafin a saki ƙwallo. Ya karye a ƙafa a wasan Iowa, kuma rashinsa ya fito fili a faifan ƙarshe, babban wasan ƙarshen kaka na Rose Bowl na 1 ga Janairun 1996, inda Keyshawn Johnson na jami'ar USC ta California ya yi ta ratsa su har USC ta yi nasara 41 da 32. Wannan faifan ne ya fi sauran kyawun hoto.

Wanda bai san dokokin wasan ba zai gaji, don kowane faifai yana cin awa uku ko fiye, kuma masu sharhi ba sa tsayawa bayani. Wanda ya sani kuwa, ya saya, amma ya tambayi mai sayarwa ko ya gyara muryar faifan Penn State kafin ya biya.