Faifai, dikoda, YouTube ko filashi: ta ina ya fi a kalli tsofaffin katun?

Duk wanda ya tashi a Sakkwato zamanin da NTA ke buɗe tasha da ƙarfe huɗu na yamma ya san cewa guntu-guntu muka kalli katun. Ana tsakiyar Voltron, zakunan nan biyar suna shirin haɗewa, sai a ɗauke wuta, ko a aike ka, ko lokacin makarantar allo ya yi. Shirin ya fito a Amurka a 1984, daga wani katun na Japan aka gyaro shi, amma kaɗan ne cikinmu suka san inda labarin ya faro da inda ya tsaya. Waɗanda aka yi daga baya kuwa, irin su Samurai Jack na 2001 da Avatar: The Last Airbender na 2005, sun wuce mu baki ɗaya, domin ba kowane gida ke da tauraron ɗan Adam ba. Yanzu ga mu da iyali, wani ya ci karo da guntun Avatar a waya, ya tsaya kallo, ya ga ashe ba shirmen yara ba ne. Daga nan sai tambaya ta taso: a ina zan samu duka, kuma me zan saya?

Ma'aunina guda ne, kuma a kansa na ɗora komai: shirin ya zo cikakke, a jere. Tom and Jerry ba ruwansa da jeri, ko ta ina ka kama ka ci dariyarka. Avatar ba haka yake ba. Kashi 61 ne, an raba shi zango uku, Ruwa da Ƙasa da Wuta, ashirin, ashirin, ashirin da ɗaya, aka kammala shi a 2008. Daɗinsa duk yana cikin yadda halin mutane ke sauyawa a hankali. Zuko, yariman da ubansa ya ƙona masa fuska ya kore shi, yana farawa ne a matsayin mugun labarin. Baffansa Iroh, dattijo mai son shayi, yana biye da shi, ba ya zaginsa, ba ya gajiya da shi, yana jiran ranar da yaron zai gane da kansa. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan ɗan'uwa mai taurin kai zai ga kansa a wurin. Idan ka tsallake kashi biyar a tsakiya, ranar da Zuko ya durƙusa yana neman gafarar baffan nan ba za ta taɓa zuciyarka ba. Shi ya sa hanyar da ba za ta ba ni shiri daga farko har ƙarshe ba, ba na ƙirga ta.

Faifan DVD ya faɗi tun a nan. Ƙurar hunturu ta karce shi, zafin Afirilu ya lanƙwasa shi, ga shi an cusa kashi talatin a faifai ɗaya har hoton ya dusashe. Dikoda, ko DStv ce ko GOtv ko StarTimes, tana da Cartoon Network ko Nickelodeon gwargwadon kuɗin da ka biya, amma abin da suka ga dama suke sakawa, a lokacin da suka ga dama, kuma sababbi sun fi yawa. Boomerang da aka sani da tsofaffin katun ma an mayar da ita Cartoonito a 2023, ta karkata ga ƙananan yara. Netflix na da hoto mai kyau da jeri daidai, sai dai shiri yana nan yau, gobe an cire shi, ga biyan wata-wata, ga cin data.

YouTube ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin nan ne mafi yawanmu muke fara gano waɗannan shirye-shirye. Akwai tashoshi na masu kayan da kansu, kamar WB Kids mai Tom and Jerry da Scooby-Doo, da tashar Pink Panther. Halastattu ne, hotonsu tsaf, kuma inda irinsu ke da abin da kake nema, can ya kamata ka kalla, don mai abu ya ci guminsa. Matsalar ita ce yawanci haɗe-haɗen guntaye suke sakawa. Wanda ya ce maka ga cikakken zango a wata tasha marar suna, duba da kyau. Don su kauce wa na'urar da ke kama satar fasaha, sukan juya hoton hagu ya koma dama, ko su ƙara wa murya sauri har dattijo ya koma magana kamar yaro, ko su matse hoton a tsakiyar wani ƙaton zane. Ka kai kashi na tara, ka nemi na goma ka tarar an rufe tashar. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ka miƙa wa yaro waya yana kallon kyanwa da ɓera, ka dawo ka same shi a wani bidiyon da YouTube ya jawo masa da kansa, wanda ba ka san wa ya yi shi ba.

Ni dai filashi nake so, kuma ba na ɓoyewa. Ɗan ƙaramin abu ne da ka zuba wa shirin da ka zaɓa da kanka, ka soka shi a bayan talabijin, ka zauna. Ba ya neman sabis, ba ya cin data, ba ya ƙarewa ƙarshen wata. Idan an ɗauke wuta kuma talabijin ɗinka ta sola ce ko mai batir, kallo bai tsaya ba. Idan ba ta yiwu ba, ka sa ɗan mahaɗin OTG ka jona shi a waya. Abin da ke ciki shi kaɗai ne a ciki, babu talla, babu wani bidiyo na gaba da zai faɗo. Uwargida za ta iya kunna wa yara kashi biyu bayan sun dawo Islamiyya, ta zare shi ta jefa a jaka, magana ta ƙare. Kuma ba ya buƙatar girma sosai. Kashi ɗaya na minti ashirin da 'yan kai, a matsakaicin hoto na 480p, da wuya ya wuce megabait 150, don haka Avatar gaba ɗayansa ba zai kai giga goma ba. Filashi mai giga 32 ya ɗauke shi, ya ɗauki Samurai Jack, har da sauran wuri. Kada a ruɗe ka da 1080p a kan katun ɗin 1984, don talabijin ta da aka yi shi, nauyi kawai za ka ɗauka. Mai son Naruto ne kaɗai zan ce ya nemi babban hadis (hard disk), domin na farkon kashi 220 ne, Shippuden kuma 500.

Kafin ka bar shagon mai turi, akwai abubuwa ƙanana da ke ɓata wa mutum rai a gida. Ce masa bidiyo mai tsarin MP4 kake so. Tsofaffin talabijin da yawa ba sa karanta MKV, wasu kuma sukan ba ka murya babu hoto idan an matse fim ɗin da tsarin x265. Sa shi ya jera lambobin 01, 02, 03, domin idan 1, 2, 3 ya rubuta, talabijin za ta iya kai ka daga kashi na 1 zuwa na 10. Duba siffar hoton kuma. Katun na da, har da Avatar, kusan murabba'i aka yi su, 4:3, saboda haka baƙin fili a gefe biyu ba lahani ba ne. Wanda ya cika allo tam, ko dai an ja shi fuskoki sun yi faɗi, ko an yanke sama da ƙasa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma an cuce ni a nan. Kasuwa cike take da filashi da memori na jabu. Na taɓa sayen wani a wani shago, an rubuta giga 64 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka. Aka zuba mini Avatar duka, ina kallon sunayen suna jeruwa. Zangon Ruwa ya yi lafiya. Muna shiga na Ƙasa abu ya fara tsinkewa, na Wuta kuwa sunaye ne kawai, ka danna babu komai. Yara sun yi kwana da kwanaki suna tambayata yadda aka ƙare. Yadda abin yake shi ne, a cikin kowane filashi akwai ɗan guntun da ke gaya wa kwamfuta girmansa. Masu jabu sukan sauya masa bayani, mai giga 8 ya riƙa cewa shi 64 ne. Kana turawa yana karɓa, amma da zarar ainihin cikinsa ya cika, sauran ko ya zube ko ya hau kan na farko ya shafe shi. Kamar mudun da aka bubbuge wa gindi ne, daga sama ka ga ya cika.

Kwali ba ya tabbatar da komai. SanDisk da Samsung da Kingston su aka fi kwaikwaya, har da ɗan zanen nan mai ƙyalli. Araha ma alama ce: idan mai giga 128 ya zo maka a kuɗin mai 16, ajiye shi, araha ba ta ado. Akasin haka kuma, kada ka zargi mai gaskiya a banza, domin filashi na ƙwarai mai giga 64 yakan nuna 58 ko 59 a kwamfuta, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da na'ura. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne wata 'yar manhaja ta kyauta, H2testw, wadda ke cika filashin da bayanai sannan ta karanto su ta gaya maka nawa suka dawo lafiya. Tana ɗaukar lokaci, mai yiwuwa awa ɗaya ko fiye. Idan babu ita, sa a cika shi dam, a zare, a sake sokawa, sannan ka buɗe kashi na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ka ja kowanne zuwa kusa da ƙarewarsa. Mai shago zai iya ce maka, “Haba Alhaji, wanga orijina na, mi za a gwada?” Ka ce masa, “Malam, in orijina na, gwaji ba shi rage mai komi.” Wanda ya ƙi a gwada a gabansa, ko ya ƙi yarda ka dawo da shi in ya ba da matsala, kama hanyarka.

Ba a ƙarfe kaɗai jabu yake ba, har a abin da ake zubawa. Ka ce Avatar, a ba ka fim ɗin James Cameron na 2009 mai shuɗɗan mutane, ko fim ɗin 2010 da mutane suka taka, ko The Legend of Korra, wanda ci gaba ne da aka fara a 2012, labarinsa daban. Ka ce Voltron, a ba ka na motoci, alhali na zakuna kake nema, ko sabon da aka fara a 2016. Tom and Jerry ya fi kowanne rikici. Na asali, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka yi wa kamfanin MGM daga 1940 zuwa 1958, guda 114 ne, don sinima aka yi su, bakwai daga ciki sun ci lambar yabo ta Oscar. Su ne masu kiɗan nan da ke bin kowane taku da kowace faɗuwa. Za ka gane yawancinsu da sunan Fred Quimby a farkon fim. Abin da aka fi cika wa mutane filashi da shi yau na 2006 ne ko na 2014, launi mai haske, motsi mai tauri, dariya kaɗan. Mai turi ba lallai yana nufin cuta ba, sau da yawa shi ma bai san bambancin ba, don haka kai za ka je da shekarar da adadin kashin a rubuce.

Sai maganar yara, wadda a wurina ta fi batun kuɗi nauyi. Ba kowane zane ne na yara ba. Samurai Jack na 2001 zuwa 2004, kashi 52, ya dace da gida, kuma da yake magana ba ta da yawa a cikinsa, ko wanda ba ya jin Turanci zai bi labarin. Amma zango na biyar da aka yi a 2017 na manya ne, akwai jini, kuma masu turi sukan haɗa su a jaka ɗaya, wato folda. Avatar kansa yana ɗauke da aƙidar cewa rai na sake dawowa a jikin wani, abin da ya saɓa wa addininmu, saboda haka zauna tare da yaran ka yi musu bayani. Katun da aka yi wa fassarar Hausa a bayan fage ma ka saurara tukuna, domin wasu masu fassarar suna cusa zagi da maganganun banza da babu su a asali, don a yi dariya. Kuma ka buɗe kowace jaka da ke cikin filashin da idonka kafin ya shiga ɗaki. Kwamfutar shago tana ɗauke da kayan mutane iri-iri, kuskure ɗaya ya isa.

Kwamfutocin nan kuma sukan ɗauki bairos ɗin da ke ɓoye jakunkuna ya bar maka alamominsu kawai. Idan ka ga haka kada ka yi saurin goge filashin, kayan suna nan, mai gyaran kwamfuta zai fito da su. Wanda ya samu cikakken shiri mai kyau, ya kwafe shi a wuri na biyu, ko kwamfuta ko wani filashin, domin na ƙwarai ma yana mutuwa, musamman idan ana barinsa soke a talabijin wuta na zuwa tana ɗaukewa. A riƙa zare shi bayan kallo, kada kuma a bar shi a gaban mota cikin ranar Sakkwato.