Mita ko Sikana: Wanne Ya Dace da Motar da Ta Ƙi Tashi?

Malam, barka da warhaka. Ka ce idan ka murɗa makulli da safe sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, injin kuwa bai ko motsa ba, kuma kana neman a zaɓa maka ɗaya tsakanin mitar auna wuta da sikanar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Duka biyun ina da su, kuma shawarata ita ce ka sayi mita.

Sikana ba ta auna komai da kanta. Aikinta shi ne ta tambayi kwamfutar mota abin da ta gani, ita kuwa kwamfutar ba ta sanin komai sai abin da sensoci, wato ƙananan na'urorin da ke lura da sassan mota, suka gaya mata. A yawancin motoci babu wata sensa a kan wayar nan mai kauri da ta tashi daga batir zuwa kik, wato na'urar da ke juya injin don ya tashi, babu kuma a kan wadda ta haɗa batir da jikin mota, alhali a wannan ɗan tsakanin ne matsalar motar da ba ta juyawa ta fi yawan ɓuya. Bugu da ƙari, ita kanta sikanar daga batirin motar take samun wuta ta wannan soket mai ramuka 16, saboda haka ranar da batir ya yi ƙasa sosai, wato ranar da ka fi buƙatarta, tana iya ƙin kunnuwa, ko kuma ta jero maka lambobin matsala barkatai waɗanda ƙarancin wutar ne ya haifar da su, ka shiga neman ciwon da babu shi.

Mita kuwa tana tafe da ɗan batirinta, kuma duk inda ka ɗora sandunanta biyu za ta gaya maka gaskiyar wurin. Akwai lokacin da motata ta riƙa yin irin abin da taka take yi, wani mai gyara ya saurari ƙarar daga nesa ya yanke hukunci cewa kik ya mutu, sai an sauya. Kafin a kwance komai na ɗora mita a kan dungun batirin guda biyu, wato ainihin darmar da ta fito daga jikinsa, ta nuna volt 12.5. Na sa aka murɗa makulli, lambar ta ɗan girgiza kaɗan ta tsaya sama da 12. Sai na matsar da jar sandar daga kan dungun zuwa kan maƙalin da ya riƙe shi, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba, aka sake murɗawa, nan take lambar ta faɗo ƙasa da 8. Da aka kwance maƙalin sai ga wani farin gari mai sirkin kore ya yi ɓawo a cikinsa, ta waje kuwa fes yake, babu wanda zai zarge shi. Sanfefa da burushin waya suka gama aikin, aka ɗaure da kyau, mota ta tashi a murɗawar farko. Kik ɗin da aka so a jefar yana nan yana aiki har yau, kuma tun daga ranar mitar ba ta sake barin cikin motar ba.

Abin da ya sa ɗan dattin nan yake iya tsayar da mota shi ne yawan wutar da kik yake ja. Fitilun gaba da rediyo ba su buƙatar abin a zo a gani, shi ya sa za ka ga suna aiki lafiya har ka rantse batir ƙalau yake, amma kik na ƙaramin injin fetur yakan ja amfiya 100 zuwa 200 a lokaci guda, na dizal kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Kamar tiyo ne da aka taka: ruwan cika kofi zai wuce, amma na cika randa ba zai samu hanya ba. Ƙarar da kake ji a jere ita ce ta solinoid, wato makunnin da ke jona kik da wutar batir, wanda yake kamawa, wuta ta faɗi saboda nauyin kik, ya saki, wuta ta dawo, ya sake kamawa.

Idan mitar ta zo hannunka, ka juya ta zuwa ma'aunin volt na wutar batir, wanda a ƙananan mitoci ake rubuta masa 20 kusa da harafin V mai miƙaƙƙen layi a kansa. Ka fara aunawa da safe kafin a taɓa komai, bayan motar ta kwana a kashe. Lafiyayyen batir da ya cika yana nuna kusan 12.6, idan ka ga 12.2 to kusan rabi ne, idan kuwa ya sauka 12.0 ko ƙasa da haka, ya kusa ƙarewa. Sai dai wannan lambar ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin tsohon batir yana iya nuna 12.5 yana zaune, a ɗora masa nauyi ya durƙushe. Saboda haka ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mitar. Idan ta faɗo ƙasa da 9.6 a kan dungun batirin kansa, to ko dai cajinsa ya yi ƙasa ko kuma ya gaji, sai a cika shi da caji a sake gwadawa kafin a yanke masa hukunci. Idan kuwa lambar ta tsaya daram kusa da 12 amma injin bai juya ba, batir ba shi da laifi, wutar ce ba ta isa inda aka aike ta.

Nan ne mita take nuna fifikonta, domin za ka iya bin wutar taki-taki. Ka ɗora sanda ɗaya a kan dungun batir mai alamar tarawa, ɗayar kuma a kan babbar ƙusar kik, a murɗa makulli: abin da mitar ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce kusan rabin volt ba. Ka maimaita haka tsakanin dungun mai alamar ɗebewa da ƙarfen injin, domin wayar da ke wannan ɓangaren takan yi tsatsa a inda aka ɗaure ta, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Idan hanyoyin biyu sun fita lafiya, sai ka duba siririyar wayar da ke ba solinoid umarni. In wuta tana isa gare ta lokacin da aka murɗa makulli amma kik ya yi ƙas sau ɗaya ya yi shiru, to yanzu ne kake da hujjar zargin kik. In kuwa wuta ba ta zuwa, laifin yana baya: fis, ko rile (ƙaramin makunnin da wuta ke sarrafawa), ko makunnin makulli, ko makunnin da ke hana mota tashi sai giya tana P ko N, ko na kuloci a motocin da sai an taka shi. Mai mota otomatik ya gwada tayarwa a N kafin ya kashe ko sisi, domin sau da yawa wannan kaɗai yakan tona asirin.

Bayan motar ta tashi kada ka mayar da mitar jaka tukuna. Ka auna batir injin yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.7 ko kusa da haka. Idan ya tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta, wato na'urar da ke cika batir idan injin yana aiki, ba ya caji, kuma sabon batirin da za ka saya shi ma zai bi sahun tsohon cikin ɗan lokaci.

Sikanar kuwa na saye ta da ɗoki, amma a irin wannan matsalar ba ta taɓa gaya mini abin da kunnena bai riga ya ji ba. Ba zan zalunce ta ba, tana da ranarta: idan injin yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, tana iya nuna maka lamba irin P0335, wadda take nuni ga sensar da ke lura da juyawar kiranshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, kuma wannan yakan rage wahala. Tana aiki ne da OBD-II, wato tsarin da sikana take magana da kwamfutar mota ta hanyarsa, wanda ya zama wajibi ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai kuma ta bi baya da motocin fetur a 2001 da na dizal a 2004, don haka motar da ta girmi wannan zamani ba lallai ne ta yi magana da ita ba. Amma taka ba ta juyawa ma, ba a kai ga wannan gaɓar ba.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da masu sayarwa, domin mai motar da ta ƙi tashi a matse yake, kuma marasa tsoron Allah a cikinsu sun san haka. Akwai waɗanda suke wanke tsohon batir, su ba shi caji na ɗan lokaci, su manna masa sabuwar takarda, su ɗora mita a gabanka ta nuna 13 da wani abu don ka gamsu. Wannan cajin sama-sama ne na batirin da aka cire daga caja yanzu. Ka sa a kunna masa fitila na minti ɗaya ko biyu, a bar shi ya huta, sannan a sake aunawa, ka kuma nemi a gwada shi da na'urar ɗora nauyi. Ka duba ranar ƙira da aka buga a jikin robar batirin, ba wadda ke kan takarda kaɗai ba, ka dubi dungun ko akwai sawun tsohon maƙali, kuma kada ka fita sai da rasit mai ɗauke da garanti a rubuce. Haka nan duk wanda ya ce maka kik ya mutu ba tare da ya auna wutar da ke isa gare shi ba, ka riƙe kuɗinka. Su ma ƙananan sikanoni masu haɗuwa da wayar hannu, waɗanda ake rubuta musu ELM327, galibinsu kwaikwayo ne, wasu suna haɗuwa da mota ɗaya su ƙi wata, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ba.

Wajen zaɓen mitar ba ka buƙatar mai tsada. Ka nemi mai nuna lambobi ba mai allura ba, mai rigar roba saboda faɗuwa, mai fis a ciki, wadda take yin ƙara idan an haɗa sandunanta, domin da wannan ƙarar ake gane fis ɗin da ya ƙone. Ka gwada ta a kan sabon ƙaramin batir mai volt 1.5 tun kana wurin mai ita. Ka kula sosai kada jar wayar ta kasance a ramin da aka rubuta 10A lokacin da za ka ɗora ta a kan batirin mota, domin hakan haɗa wuta ne kai tsaye, zai ƙona fis ɗin mitar ko wayoyinta. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, ka nisanta sigari da tartsatsi saboda batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, ka ja birkin hannu, giya kuma ta kasance a firi kafin wani ya murɗa makulli kana tsaye a gaban injin.

Gobe da safe ka auna sau uku: batir yana zaune, batir ana murɗa makulli a kan dungu, sannan a kan maƙali. Ka turo mana lambobin tare da shekarun batirin, in sha Allahu daga nan za mu gaya maka abin da za a kwance.