Tibiri, Jiratawa ko Madarunfa: ina ya fi dacewa a kai yara yawon ƙafa?

Duk sanda aka ba yara hutun lakwal na ƙarshen Disamba sai tambayar nan ta dawo, ina za a kai su su ɗan sha iska ba su wuni gaban tele da salula ba. Ni shekara uku kenan ina kwasar nawa, su huɗu ne, babba shekara 13 auta kuma 5, mu hita bayan garin Maraɗi ranar Lahadi mu taka da ƙafa, to bari in faɗa muku abin da na gani a wuraren da na sani don kowa ya zaɓa daidai gidansa.

Kafin komai, da ƙafar ƙaramin cikinku za ku auna tahiyar ba da ta babba ba. Babban mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa in ƙasa mai tauri ce, amma ɗan shekara biyar cikin rairayin nan namu rabin haka ma da ƙyar, kuma in ya gaji wuyanka ne zai ɗauka ko bayan uwarsa.

Tibiri na fara kai su. Kusan kilomita 12 ne daga Maraɗi kan gudoron da ya yi yamma wajen Gidan Rumji, ko a adaidaita ma ana zuwa, esansi kaɗan za ka ƙona. Abin da Tibiri ta fi sauran da shi tarihi ne, kuma tarihin da yaro zai gani da idonsa ba na allo ba. Bayan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi hannun masu jihadi a 1808 Gobirawa sun yi shekaru suna gwagwarmaya, aka yi yaƙin Gawakuke a 1836 inda Sarkin Gobir Ali ya rasu, daga nan ne Sarki Mayaƙi ya kafa Tibiri ta zama mazaunin sarautar Gobir har yau. Mu ma nan Maraɗi ai haka labarinmu yake, Katsinawa ne da suka baro Katsina bayan 1807, shi ya sa ake ce wa sarkinmu Sarkin Katsina. Babban ɗana ya karanta wannan a lakwal ya manta, amma ranar da muka tsaya ƙofar fada ya ga dogarai, ya ga wani dattijo mai tsagen Gobirawa tun daga gefen baki har wajen kunne, tambayoyi ya dinga yi har muka dawo gida, ina Bawa Jan Gwarzo ya zauna, mece ce sarautar Inna, me ya sa mace ce ke riƙe da ita. In kun je ku yi sallama ku gaida mutanen fada yadda ya kamata, kar a ɗaga salula a fara ɗaukar hoto ba a tambaya ba, yara suna kallon yadda kuke yi.

Daga cikin gari sai ku gangara fadama, nan ne tahiyar ƙafar take. Akwai mangwaro, akwai gawo, kuma lokacin sanyi gawo na da ganye shar tunda shi da damina yake kaɗe ganyensa ya bar hatsi ya sha rana, da rani ya yi inuwa ya zubo wa bisashe 'ya'yansa. Ku nuna musu ƙananan itatuwan da manoma ke bari cikin gona suna sassabe musu rassa maimakon su tumɓuke, sassaben zamani kenan, a jihar Maraɗin nan aka fara shi wajen 1983 yanzu ƙasashe da yawa sun ɗauka. Matsalar Tibiri rairayi, wani wurin ƙafa nutsewa take yi, kuma ku tsaya kusa da gari kar ku miƙa ƙauyukan da suka yi wajen iyakar Najeriya.

Jiratawa ita ce ta masu ƙananan yara. Tana kudu da Maraɗi ba nisa, akwai filin noman rani mai fiye da hekta 500 da ake ba ruwa ta kanal tun farkon shekarun 1980, ƙasa a daddale take ba rairayi, ko'ina kore, zogala jere-jere, albasa, tumatir, ayaba. Awa ɗaya ta isa, ku biya wajen mata masu ginin tukwane yara su ga yadda ake tada tulu daga yumɓu, ku sayi kasko ko asusu ku dawo kafin azahar. Sai dai gonakin mutane ne ba wurin wasa ba, a bi kan kunya, a riƙe hannun ƙarami kusa da kanal, kuma duk abin da aka ba ku kyauta a wanke kafin ya shiga baki saboda maganin feshi. Yaro ɗan shekara 12 zai ce maka an gama kenan? don ba wani dogon abin gani bayan lambu.

Madarunfa kuwa ita ce wadda na fi so, ita ce kuma ta fi cin shiri. Kilomita ashirin da 'yan kai ne kudu da Maraɗi, gara mota ko ku haɗa kuɗi gida biyu ku ɗauki ɗaya, ban ba da shawarar a jera yara uku kan kabu-kabu ba. Tabkin Madarunfa shi ne ruwa mafi girma a jihar nan, in damina ta yi kyau yana kai hekta 800, da rani ya ja baya ya koma kusan rabi, kuma a 2019 an saka shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar saboda tsuntsayen da ke sauka wurin, wasu tun daga Turai suke zuwa su yi sanyi nan. Ga kukoki manya-manya, ga kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da tabkin mutane na zuwa ziyara, don haka wuri ne da ake shiga da ladabi. Mun isa wajen ƙarfe takwas na sahe, hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba, wani masunci ya jawo kwalekwalensa bakin gaɓa yana ciro karfasa da tarwaɗa daga raga yana jefawa a kwando, auta ta tsuguna tana kallon gashin bakin tarwaɗa tana son taɓawa tana tsoro. Na ce Baba sannu da aiki, ya ce yawwa Malam, bar ta ta taɓa amma ta kiyayi ƙayar gefen. Har yau in an dafa kifi a gida sai ta tada zancen.

Abu ɗaya nake roƙon iyaye, kar ku bar yara su shiga ruwan, ko da kun ga 'yan garin na wanka. Ruwan kwance irin wannan shi ke ɗauke da tsargiya, ƙwayar cutar na zama jikin ƙananan dodon koɗi ta hito ta huda fata ba tare da yaro ya ji komai ba, sai bayan makonni ka ga jini a fitsari. Kuma kar ku ce za ku zagaye tabkin duka, ya fi ƙarfin yara, ku yi tahiyar minti 40 a gaɓa ku zauna ƙarƙashin kuka ku sha hura ku juyo. Kafin ku tashi daga gida ku kira wanda kuka sani a can ku ji lahiyar hanya, ku kuma kamo hanyar gida kafin la'asar, kowa ya san halin da yankin iyaka ke ciki da 'yan bindiga shekarun nan. Dajin Baban Rafi ma saboda haka ne ban saka shi cikin zaɓi ba sam, duk kyansa ba wurin kai iyali ba ne yanzu.

Wanda aljihunsa bai ba shi dama ba, ga gulbi nan ƙasan gari kyauta. Da rani rairayi ne fari yara su yi ta gudu, ka nuna musu inda tsohon garin Maraɗi yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Da damina kuwa ko kusa, ruwan daga Najeriya yake tahowa, sai a wayi gari ba a yi ko yayyafi nan ba amma gulbi ya ciko.

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ranar da ƙura ba ta yi yawa ba musamman in akwai mai asma. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, a haƙura. Takalmi kuma rufaffe da safa, ba silifas ba, mun taɓa zuwa bayan girbi da silifas ƙarangiya ta cika ƙafar auta da bakin zanen uwarta, mun fi minti ashirin zaune muna cira tana kuka, sannan tarin kara da ke gonaki maɓoyar kunama ce da kububuwa, a hana su tura hannu. Ruwan sha ku ɗauko daga gida a bido, aƙalla lita ɗaya da rabi kowane mutum, da hula, da ɗan ƙuli-ƙuli ko aya.

To in ƙananan yara gare ka 'yan ƙasa da shekara shida, Jiratawa. In sun fara karatun tarihi a lakwal, Tibiri. In kana da mota da wanda za ka kira a can, Madarunfa ta fi su duka. Mu bana Tibiri za mu koma in Allah ya kai mu, babban ya rubuta tambayoyinsa a kaye tun watan jiya yana son ya samu wani dattijo a ƙofar fada ya yi masa su.