Tulun furanni na gilashin Rasha da na saya a gwanjo

Wata huɗu ke nan tulun yana kan teburin falona, don haka yanzu zan iya faɗin gaskiyarsa. Na saye shi a wani gwanjon kayan tarihi ta intanet, aka ce aikin masana'antar gilashi ta sarakunan Rasha ne da ke San Fitasbag, na wajajen 1820.

Farkon abin da ya kama ni nauyinsa. Bai wuce tsawon kamu ɗaya da rabi ba, amma sai da hannu biyu nake ɗaga shi, saboda darmar da ke cikin gilashin. Darmar ce ke sa shi taushin da zai sassaƙu a kan dutsen washi, ita ce kuma ke ba shi sheƙi. Yankan jikinsa shi ne wanda Rashawa ke kira "dutsen Rasha": fuskoki ƙanana jere da juna, tamkar an lulluɓe tulun da duwatsu masu daraja. Da la'asar, in rana ta shigo ta taga, sai ka ga launuka sun watsu a bango. Na shafa yatsa a kan yankan, gefunan ba su zo daidai da juna ba, alamar hannu ne ya yi, ba inji ba. Gindinsa da hannayensa biyu na tagulla ne mai ruwan zinariya, kuma ba su danne gilashin ba.

Masana'antar ta Yarima Potemkin ce, wani babban basarake na Rasha, tun 1777, ta koma hannun fada a 1792 bayan rasuwarsa. Manyan masu zanen gine-gine irin su Toma de Tomon da Karlo Rossi sun zana mata kaya, shi ya sa tulun ke da tsayuwa irin ta ginshiƙi.

Inda raina ya ɓaci shi ne mai sayarwar bai ambaci wata 'yar ɓantara da ke bakinsa ba, ga kusar gindin tana rawa. Babu hatimin masana'antar a jikinsa, amma wannan bai dame ni ba, yawancin na wancan zamani haka suke.

Ban ƙara zuba masa ruwa ba tun ranar da na ga hazo ya fara kwanta masa a ciki. Busassun furanni nake sa masa, in goge shi da tsumma mai laushi ranar Asabar.